Yadda Ake Tsara Alƙaluma a Jadawali da Zane Ba Tare da An Ɓatar da Mai Karatu Ba

Duk mai riƙe da rajista a Katsina ko Daura, malamin jarrabawa ne a sakandare, ko mai haɗa bayanai a asibitin sha-ka-tafi, ko sakataren ƙungiyar manoma, ko malamin gona, ba ya rasa ranar da za a ce ya kawo rahoto, a ƙara masa da cewa a sa zane. Yawancin mutane nan take suke rugawa kwamfuta su danna wanda ya fi kyan gani. Ba daga nan aikin yake farawa ba. Daga jadawali ake ciro zane, jadawali kuma daga rajista. In rajistar ta karkace, kwalliya kawai zanen zai yi wa kuskuren, sannan ya kai shi gaban manyan da ba za su taɓa buɗe rajistar ba.

Tace bayanan tukuna

Fara da sanin irin abin da ke hannunka. Sunan gunduma, jinsin ɗalibi, irin amfanin gona, duk sunaye ne, ba a tara su, sai dai a ƙirga sau nawa kowanne ya fito. Yawan yara a gida ko awaki a garke ƙirge ne, ba ya zuwa da rabi. Nauyi da tsawo da ruwan sama awo ne, yana iya faɗawa ko'ina tsakanin lamba da lamba. Sai abin da ake bi wata-wata ko shekara-shekara, kamar farashi. Wannan rabon shi zai zaɓa maka zane daga baya, ba ra'ayinka ba.

Abu uku ke ɓata bayanai tun kafin a fara lissafi. Na farko rubutun suna. Wani ya rubuta Mai'adua, wani Maiadua, wani Mai'aduwa, kwamfuta kuwa wuri uku za ta ƙirga. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato a haɗe Dutsi da Dutsin-Ma, ko Kankiya da Ƙanƙara, alhali ƙananan hukumomi ne daban-daban. A tsayar da rubutu ɗaya ga kowane suna, a bi shi har ƙarshe.

Na biyu ma'auni. Tiyar wata kasuwa ba ta kai ta wata ba, buhu ma akwai babba da ƙarami. In za a kwatanta farashin gero a kasuwanni biyu, a ɗora tiyar kowacce a sikeli, a mayar da farashin na kilo ɗaya, a kuma rubuta a ƙasan jadawali cewa haka aka yi.

Na uku shi ne bambancin sifili da gurbin da ba a cike ba. Asibitin da ya aiko da rahoto ya ce bai ga mai ƙyanda ko ɗaya ba a watan, sifili ne. Wanda bai aiko da rahoton ba sam, ba sifili ba ne, ba a sani ba ne. A sa masa ɗan layi, a bayyana ma'anarsa a ƙasa. Wanda ya cike irin wannan gurbin da sifili ya rage matsakaicinsa da hannunsa, ya kuma nuna lafiya a inda ba wanda ya duba.

Daga tarin lambobi zuwa jadawali

A ƙaddara ga makin ɗalibai 40 a jarrabawar lissafi, bisa 100, yadda suke a takardar malami:

54, 38, 61, 47, 72, 50, 23, 66, 45, 59, 83, 42, 55, 31, 69, 49, 57, 74, 35, 52, 60, 45, 78, 27, 53, 64, 40, 88, 56, 39, 70, 48, 51, 63, 34, 58, 75, 43, 67, 54.

A haka ba wanda zai ce ga inda ajin ya dosa. Nemo mafi ƙanƙanta da mafi girma: 23 da 88. Tazararsu 65. Yanzu sai a yanke rukuni nawa za a kasa su. Ƙasa da 5, komai zai cure wuri ɗaya. Sama da 12 ko 15, kusan an dawo tarin farko. Akwai ƙa'idar Sturges ta 1926 da ke cewa a ninka log na yawan bayanan, wanda kalkuleta ke bayarwa, da 3.322 a ƙara 1, ga 40 tana ba da kusan 6. In aka raba 65 gida 6 za a sami 10.8, amma ba mai hankalin da zai yi rukuni mai faɗin 10.8. A ɗauki 10, a fara daga 20, rukuni ya zama 7. Ƙa'idar jagora ce kawai, lambar da ido zai karanta da sauƙi ita ce gaba.

Wajen ƙirgawa, kada ka ɗauki rukuni ɗaya ka bi lambobi 40 kana farautar 'yan cikinsa, sannan ka sake bi don na gaba. Nan ake tsallake. Bi lambobin sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, kowacce ka ja mata kara a gaban rukuninta, ka ɗiga mata alama a takardar asali. Kara huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su, kamar dai takardar tali ta masu rigakafi. Ga abin da zai fito:

| Maki | Ɗalibai | Kaso cikin 100 | Jimilla mai hawa |
|---|---|---|---|
| 20–29 | 2 | 5.0 | 2 |
| 30–39 | 5 | 12.5 | 7 |
| 40–49 | 8 | 20.0 | 15 |
| 50–59 | 11 | 27.5 | 26 |
| 60–69 | 7 | 17.5 | 33 |
| 70–79 | 5 | 12.5 | 38 |
| 80–89 | 2 | 5.0 | 40 |
| Duka | 40 | 100.0 | |

Kafin ka matsa, tara ginshiƙi na biyu. In bai ba da 40 ba, an tsallake wani ko an ƙirga shi sau biyu, sai a koma, ba a cike giɓi da ka. Lambar ƙarshe ta jimilla mai hawa, wato tara kowane rukuni da duk waɗanda suka gabace shi, ita ma dole ta zama 40.

Lura da yadda aka rubuta rukunan: 20–29, 30–39. Da an rubuta 20–30, 30–40, mai maki 40 da mai 50 da mai 60 da mai 70 duk za su rasa gida, malami ya jefa su inda ya ga dama. In awo ne mai ɗigo, a faɗi iyakar da baki. Tef ɗin auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 misali ne mai kyau: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, 12.5 zuwa sama kore. Yaron da ya faɗa 11.5 daidai, kowa ya san rawaya ne, ba gardama.

Sauran abin da jadawali ke bukata kaɗan ne, amma su ake mantawa. Take ya faɗi mene ne, a ina, yaushe: "Makin lissafi, ɗaliban SS2, zango na biyu, 2024", ba "Jadawali na 1" tsurarsa ba. Ma'auni, naira ne ko kilo ko milimita, a kan ginshiƙi ake rubuta shi sau ɗaya, ba a maimaita shi a kowane gurbi. Lambobi su jingina dama, ɗigo ƙarƙashin ɗigo, kuma in ɗaya ta zo da lamba ɗaya bayan ɗigo to duka su zo haka, shi ya sa aka rubuta 5.0 da 20.0 a sama. A ƙasa a faɗi inda bayanan suka fito. Kaso kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. "Kashi 50 cikin 100 sun faɗi" a ajin mutum 4, yara biyu ke nan.

Histogiram da lanƙwasar jimilla a takardar giraf

Ana bukatar takardar giraf, rula, da fensir mai tsini. Takardar da ɗalibai ke amfani da ita a WAEC da NECO, kowane santimita 2 yana ɗauke da ƙananan gidaje 10. Ƙirga manyan gidajen tsaye da na kwance kafin ka zaɓi sikeli, don kada zane ya ƙare a bakin takarda, ko ya maƙale a kusurwa ɗaya.

Histogiram zane ne da kowane rukuni ke da sandarsa, mai nuna yawan 'yan cikinsa. A layin kwance, bari santimita 2 ya zama maki 10. Rukuni 7 za su ci santimita 14, kowane ƙaramin gida maki ɗaya. A layin tsaye, santimita 1 ɗalibi ɗaya, sanda mafi tsawo za ta kai santimita 11. A guji sikelin da ke tafiya da 3 ko 7 ko 9, domin ƙaramin gida zai koma 0.3 ko 0.7, daga nan kuma kintace ya shigo. A tsaya kan 1, 2, 5, 10 da ire-irensu.

Sandunan histogiram manne suke da juna, saboda maki ba ya tsalle daga wannan rukuni zuwa wancan. Don su haɗu, ana amfani da iyakar tsakiya: tsakanin 29 da 30 akwai 29.5. Sanda ta farko daga 19.5 zuwa 29.5, ta biyu daga 29.5 zuwa 39.5, har zuwa 89.5. Tunda layin kwance bai fara daga sifili ba, a yi ɗan karyayyen layi kusa da kusurwa don a nuna an datse.

Ga inda ƙwararru ma kan zame. A ce an ga rukunai biyu na ƙarshe sun yi ƙanƙanta, aka haɗe su 70–89, mutum 7. Faɗinsa ya zama 20, ninki biyu na sauran. In aka ja sandar ta kai 7, za ta yi daidai da ta 60–69 a tsawo, ta kuma ninka ta a faɗi, ido ya ce manyan masu maki sun yi yawa. A histogiram fili ke magana, ba tsawo kaɗai ba. Tunda faɗi ya ninka, sai a raba tsawon biyu, sandar ta tsaya a 3.5.

Lanƙwasar jimilla, wadda littattafan makaranta ke kira ojib, da ginshiƙin ƙarshe ake yin ta. Kowace jimilla ana ɗiga ta a kan iyakar sama ta rukuninta, ba a tsakiyarsa ba: 2 a kan 29.5, 7 a kan 39.5, 15 a kan 49.5, har 40 a kan 89.5, a fara da sifili a kan 19.5. Dalili kuwa, sai an kai ƙarshen rukuni ake cewa an tattara kowa da ke cikinsa. A layin tsaye santimita 2 ya zama ɗalibi 5, zai ci santimita 16. A haɗa ɗigon da hannu a sake, ba da rula ba. Don gano makin tsakiya, a ja layi daga 20, wato rabin 40, ya taɓa lanƙwasar, a sauko ƙasa. Zai faɗa kusa da 54. In ka jera makin nan 40 daga ƙarami zuwa babba, na 20 da na 21 duk 54 ne. Wanda ya ɗiga a tsakiyar rukuni zai sami kusan 49, ya rage wa ajin maki 5 bai sani ba.

Sanduna

Ga sunaye, gundumomi ko kasuwanni ko irin amfanin gona, zanen sanduna ya fi komai. A nan ana barin fili tsakanin sanda da sanda, kamar rabin faɗinta, faɗin kuma ɗaya ne ga kowa. A jera daga babba zuwa ƙarami, sai dai in abin yana da jerinsa na asali, kamar aji ɗaya zuwa shida. In sunayen dogaye ne, Batagarawa, Malumfashi, Dutsin-Ma, a kwantar da sandunan, sunaye su zauna a hagu a karanta su ba tare da karkata wuya ba.

Sanda daga sifili take tashi, ba sassauci. A ƙaddara buhu ya tashi daga naira 40,000 zuwa 42,000, ƙarin kashi 5 cikin 100 ke nan. In aka fara layin tsaye daga 39,000, sanda ɗaya za ta hau da 1,000, ɗayar da 3,000, mai kallo ya ga farashi ya ninka uku. Lambobin da aka rubuta gaskiya ne, zanen ƙarya. Excel kan yi wannan datsewar da kansa idan lambobin sun yi kusa da juna, don haka a duba kullum.

Sai maganar kwatanta wurare. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kuma ba ɗaya suke a yawan jama'a ba. In aka zana yawan masu zazzaɓin cizon sauro a Katsina da Kusada haka tsurarsa, birni ne zai yi sama ko da yaushe, don can mutane da asibitoci suka fi yawa. A raba da yawan jama'a, a ninka da 1,000, sannan a kwatanta. Amma a tuna ƙidayar ƙarshe ta ƙasa a 2006 aka yi ta, ta ba jihar mutum 5,801,584. Duk wani adadi na bayan nan hasashe ne da aka ɗora kan wancan, ya kamata ƙasan jadawali ya faɗi haka.

Da'ira, in ta zama dole

William Playfair, mutumin Sikotlan da ya fito da zanen sanduna a 1786, shi ne ya fito da na da'ira a 1801, kuma na farkon ya fi amfani har yau. Da'ira tana aiki ne kawai in ana raba abu ɗaya gida-gida, gidajen ba su wuce 5 ba, kuma bambancinsu a fili yake. Lissafin: yanki a kan jimilla, sau 360.

Shiyyoyin sanata na jihar sun isa gwaji. Katsina na da ƙananan hukumomi 11, Daura 12, Funtua 11. Kusurwoyin za su zama digiri 116.5, 127.1 da 116.5. In ka tara, 360.1. In ka datse ɗigon, 116 da 127 da 116, ka sami 359. Ba kuskure ba ne, cikon lamba ne ya jawo, sai a gyara a yanki mafi girma, a kuma sa a ƙasa cewa an cike lambobi. Babbar matsalar ita ce ido ba zai raba 116 da 127 ba, jimla ɗaya ta fi wannan da'irar bayani. Gwada da masarautu kuwa: Daura na da 5, wato Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, Katsina na da 29. Digiri 53 da 307. Wannan daga nesa ma an gane. A fara yanka daga sama, a bi hannun agogo, babba a gaba. Da'ira mai kauri da ake karkatarwa don ado a bar ta, tana kumbura yankin da ke gaba.

Layin lokaci

Farashi, ruwan sama, zuwan marasa lafiya wata-wata, zanen layi ne nasu. Lokaci a kwance, kuma tazararsa ta zama ta gaskiya. In bayananka na 2015, 2016 da 2020 ne, filin da ke tsakanin biyun ƙarshe ya ninka na farko sau huɗu. Layi, saɓanin sanda, yana iya farawa ba daga sifili ba, muddin an rubuta lambobin gefen a sarari. Layuka uku ko huɗu sun isa zane ɗaya, a rubuta sunan kowanne a ƙarshensa.

Inda babu bayani, a katse layin. A 2021 an dakatar da wasu kasuwannin dabbobi a jihar, aka kuma datse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. Mai zana farashin shanu na wannan lokacin, in ya sa sifili ya ce kyauta aka raba su, in ya haɗe layin ya ƙirƙiro cinikin da ba a yi ba. Ya bar giɓin, ya rubuta dalili. Haka manyan abubuwan da suka taɓa farashi, rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019 ko cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, ɗan layin tsaye da gajeren rubutu a wurin ya wadatar.

Wani katsewar kuma daga hanyar lissafi yake zuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi kashi 34.80 a Disamba 2024, sai 24.48 a Janairu 2025. Kaya ba su faɗi warwas cikin wata ɗaya ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take aunawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta kwandon kayan da take bi. Wanda ya haɗa ɗigon biyu da layi ɗaya ya zana saukar da ba ta faru a kasuwa ba. A tsayar da tsohon layi a Disamba, a fara sabo a Janairu.

Masu bin farashin raguna ko sukari su kula da kalanda. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka azumi da layya suna ja da baya kowace shekara. In aka ɗora shekaru biyar a kan Janairu zuwa Disamba, ƙololuwar za ta riƙa gusawa kamar kasuwar ba ta da tsari. A jera su bisa makonni kafin Sallah, sai su hau kan juna.

A kwamfuta da wajen bugawa

A Excel ko Google Sheets, kowane sahu mutum ɗaya ko abu ɗaya, kowane ginshiƙi bayani ɗaya, kai a sahun farko, ba a haɗe gurabe. A rubuta lamba zallarta. In aka sa N a gaba ko kg a baya, ta koma rubutu, tarawa za ta tsallake ta ba tare da gargaɗi ba. Alamarta ita ce za ka gan ta ta jingina hagu, 'yan'uwanta suna dama. Rukuni irin 1-5 ko 10-12 kuma Excel kwanan wata yake mayar da su, sai a rubuta "10 zuwa 12". Kwanan watan ma a duba shi: 03/04 a wata kwamfutar 3 ga Afrilu ne, a wata 4 ga Maris, gwargwadon saitinta.

In makin suna A2 zuwa A41, wannan zai ƙirga rukunin farko: =COUNTIFS($A$2:$A$41,">=20",$A$2:$A$41,"<=29"). Alamar dalar ita ke hana iyakar zamewa in an jawo shi ƙasa. Sai a sauya lambobin ga kowane rukuni, a tara a ga 40. Don histogiram, a yi zanen sanduna daga jadawalin, a danna sanda, a mayar da Gap Width na Excel, wato filin da ke tsakanin sanduna, sifili.

Yawancin rahotanni a fotokwafi baƙi da fari suke ƙarewa, inda ja da kore ke komawa toka iri ɗaya. A bambanta da duhu da haske, ko layi cikakke da mai ɗigo-ɗigo, a buga kwafi ɗaya a duba kafin a buga hamsin. In ta WhatsApp za a tura, a buɗe hoton a waya tukuna, rubutun da bai karantu ba sai an ja shi da yatsa a ƙara masa girma. Take da shekara da tushen bayani su zauna a cikin hoton kansa, don in aka tura shi gaba, rubutun da ya rako shi a baya yake tsayawa.